Libarbar Bature da Bindigar Toka: Wacce Ce Za Ta Shiga Fili?

A ƙarshen shekarar 1853, a birnin Tambutu, Shehu Ahmad al-Bakkay ya sa baƙonsa Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, ya harba 'yar bindigar da yake tafe da ita a ƙofar gida, jama'a na kallo. Barth ya ɗana ya harba, ya sake, ya kuma sakewa, har sau shida, bai tsaya ɗuri ba. Mutanen da suka saba ganin mai bindiga ya harba ɗaya ya koma gefe yana zuba albarushi yana dannawa sai suka ɗauka duk jikin mutumin nan makamai ne, kuma harbinsa ba ya ƙarewa. Barth da kansa ya rubuta cewa wannan zato ya taimaka wajen tsare ransa a garin da masu neman kansa suke da yawa. Shekara biyu da rabi kafin nan ya yi zama a Kano.

Abin da ya harba ita ce libarba, ƙaramar bindigar hannu mai wani dunƙulen ƙarfe a tsakiya, bari mu kira shi ganga, wanda aka huda wa ramuka biyar ko shida. Kowane rami da nasa ɗuri, kuma duk harbi ɗaya gangar tana juyawa ta kawo na gaba daidai bakin bututu. Samuel Colt na Amurka ya yi mata rajistar mallakar fasaha a 1836. Yau shekara kusan 190 ke nan, amma har yanzu akwai dattawa da samari a Turai da Amurka da suke fita da irin waɗannan tsoffin bindigogi ranar hutu su yi gasar saiti da su, su kuma kwana suna gardama a kan wacce ce ta fi dacewa da gasar. Gardamar tana da daɗin bi, domin amsarta ba inda mutum zai zata take ba. Tana kuma da abin da za ta faɗa wa mutumin Makoda da ke arewacin Kano, ko da yake shi bai taɓa riƙe libarba ba, doka ma ba za ta bar shi ya riƙe ba.

Yadda gasar take

Babbar ƙungiyar da ke kula da wannan wasa a duniya ita ce MLAIC, wadda aka kafa a 1971 domin masu harba bindigogin da ake ɗura wa ta baki. Ta raba gasanninta ta sa wa kowace suna. Wadda ake kira Colt ta libarbobin asali ce, waɗanda aka ƙera tun zamanin. Mariette kuwa ta sabbin ƙira ce da aka kwaikwayi na dā. Duka biyun daga nisan mita 25 ake yin su, a tsaye, da hannu ɗaya. Akwai ta uku, Donald Malson, daga mita 50. Ana ba mutum minti 30 ya yi harbi 13, a ƙirga masa 10 mafi kyau. Da'irar tsakiyar allon, mai maki 10, faɗinta santimita 5 ne kacal. Baƙin albarushi irin na dā kaɗai aka yarda da shi, kuma ba a yarda a liƙa wa bindiga wata na'urar saiti ta zamani ba. Yadda aka ƙera ta, haka za ta shiga fili.

Ɗurin ma aiki ne. A kowane rami za a zuba albarushi, a ɗora dunƙulen darma, a danna shi da ƙarfen ɗurin da ke ƙarƙashin bututu, a shafe bakin ramin da maiƙo, sannan a sa 'yar hular tagulla a bayansa, wadda guduma za ta doka wuta ta tashi. Masu gasa ba sa cika ramin, don ƙarfin da soja yake so ya kayar da doki da shi ba ya da amfani a kan takarda. Sukan zuba kaɗan, su cike gurbin da garin masara ko tsakin alkama domin darmar ta zauna kusa da baki. Wato rabin abin da zakaran duniya yake ɗura wa bindigarsa, a wurinmu kayan tuwo ne.

Wacce ce ta fi?

Wadda ta fi suna a labari ita ce ta fi ba da kunya a fili. Colt Walker ta 1847, wadda aka yi wa sojan dawakin Amurka lokacin yaƙinsu da Meziko, nauyinta ya kai kilo 2. Guda 1,100 kawai aka ƙera, kuma kusan 300 an mayar da su masana'anta saboda gangar ta fashe. Ƙarfen ɗurinta kan faɗo ƙasa da ƙarfin harbi ya tokare gangar. Miƙa kilo 2 da hannu ɗaya har sau 13 ba abin da kafaɗa take so ba ne. Ta asali ma kuɗinta ya wuce a ce za a sa mata wuta.

Gardamar gaske tsakanin Colt na baya ne, wato Navy ta 1851 da Army ta 1860, da kuma Remington da ake kira ta 1858. Dukansu sun sha yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Army ta 1860 kaɗai an ƙera sama da 200,000. Ta fi kowacce daɗin riƙo, hannu na ɗaga ta sai ta nufi inda ido yake kallo, kuma ba ta saurin cushewa da toka, domin sandar da gangarta ke juyawa a kai mai kauri ce, tana da zane-zanen da ke riƙe maiƙo. Ga soja a kan doki, wannan shi ne komai. Amma saman gangar a buɗe yake, babu ƙarfen da ya haɗa gaba da baya, wani ɗan tsinken ƙarfe ne da ake cusawa ta gefe yake riƙe da bututun. In an jima ana harbi tsinken yakan ci, bututu ya fara motsi, kamar fartanyar da ƙotarta ta fara girgiɗi: za ta yi noma, amma ba za ta sari inda kake so daidai ba. Ga wani abin kuma: tsagar da ake saiti da ita ta baya a kan gudumar take, gudumar kuwa ita ce ke faɗawa in an ja kunama. Ɓurɓushin hular tagulla ma kan faɗa cikin injin ya sarƙe shi.

Remington jikinta ƙarfe ɗaya ne da ya kewaye gangar sama da ƙasa, an murɗa bututun a cikinsa, tsagar saiti tana kan ƙarfen sama, ba ta zuwa ko'ina. Aibinta shi ne sandar gangarta siririya ce, harbi kaɗan toka ta kama ta, sai an tsaya an goge. A fagen fama wannan aibi na iya cin rai. A filin gasa, inda kake da minti 30 da tsumma da kwalbar mai a kan tebur, ba komai ba ne. Shi ya sa in ka dubi layin masu harbi a waɗannan gasanni, Remington ce ta fi yawa, har a gasar da aka sa wa sunan Colt.

Akwai ta uku da ta fi su ban dariya. Gwamnatin Amurka ta sayi Rogers & Spencer guda 5,000, amma kafin a gama kawo su a 1865 yaƙi ya zo ƙarshe. Aka jibge su a rumbun ajiya, ba a raba wa soja ba, har 1901 da aka sayar da su a arha ga wani dillalin tsoffin kayan soja, Francis Bannerman. Saboda ba su ga yaƙi ba, ba su sha ruwa da laka ba, da yawansu sun iso zamaninmu bututunsu garau. Jikinsu a haɗe yake irin na Remington, mariƙinsu ya cika hannu. Yau suna cikin waɗanda gwanaye suka fi nema, har kamfanin Feinwerkbau na Jamus, mai ƙera bindigogin gasar Olamfik, ya kwaikwaye ta. Libarbar sojan da ta fi dacewa da gasar tarihi ita ce wadda ba ta da tarihin yaƙi ko kaɗan.

Ta Ingila kuwa wata hanya ta bi. Robert Adams ya fito da tasa a 1851, mai harbi biyar, wadda ba sai ka ɗana guduma da babban yatsa ba, jan kunama kawai ya isa. Hafsoshin da suka yi yaƙin Kirimiya da boren Indiya na 1857 sun yaba mata, domin in mutum ya taho maka da takobi ba ka da lokacin ɗanawa. Sai dai kunamar da za ta juya ganga ta ɗaga guduma ta kuma sake ta dole ta yi nauyi, nauyin nan kuwa yana karkatar da baki. Gyaran da Laftana Beaumont ya yi mata, wanda rundunar Ingila ta karɓa a 1856, shi ya ba ta damar ɗanawa da hannu, kuma irin wannan ce kaɗai mai gasa zai kalla sau biyu.

Ko dai wacce ce, ta asali tsohon ƙarfe ne mai shekara sama da 150, tsatsa ta ci cikin ramukan, in wani abu ya karye babu kantin da za ka saya. Wannan ne ya buɗe wa maƙeran arewacin Italiya kasuwa. Aldo Uberti ya fara ƙera kwaikwayon Colt a 1959 a Gardone Val Trompia, daidai lokacin da Amurkawa ke shirin cika shekara 100 da basasarsu, Pietta da wasu suka biyo baya. Yawancin masu wannan wasa a yau da ƙirar Italiya suke yi.

Wadda ta zo Kano

Libarbar da ta shigo ƙasar Hausa a ɗamarar soja ba irin waɗancan ba ce, ta zamanin harsashi mai kwanso ce. Rundunar Ingila ta karɓi Webley a 1887, mai faɗin baki .455, wadda ake karya ta a tsakiya ta watso kwanso shida a lokaci ɗaya. Samfuri na huɗu ya fito a 1899, kuma irinsa ne ake yayi lokacin da Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji sama da 700, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Ya fasa Bebeji, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana Sakkwato. A arewa kuma, hafsoshin Faransa da suka kama Damagaram a 1899 nasu samfurin na 1873 ne da na 1892.

Kada a ba libarba girman da ba nata ba: ba ita ta ci Kano ba. Igwa ce ta fasa ƙofa, bindiga mai ruwa ta share fili, dogayen bindigogin sojoji baƙar fata, da yawansu masu jin Hausa, suka yi sauran aikin. A Kwatarkwashi, a ƙarshen Fabrairun wannan shekara, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada, Laftana Wallace Wright da sojoji 44 sun tsaya ne a murabba'i suna ruwan wuta da bindigogin kafaɗa. Libarba makamin hafsa ne na lokacin da komai ya lalace, kuma alamar muƙami ce, kamar yadda take har gobe a ƙugun manyan 'yan sanda. Hafsan Ingila na wancan zamani ma da kuɗinsa yake sayen tasa.

Su waɗannan masu kwanso ba sa shiga gasar MLAIC. Suna da nasu wuraren. A Faransa hukumar wasan harbi ta ƙasa tana da gasar makaman soja na dā, inda samfurin 1873 da na 1892 suke fitowa. A Birtaniya kuwa, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996, dokokin 1997 sun hana mallakar ƙananan bindigogi, sai dai aka bar masu ɗuri ta baki, aka kuma yarda a ajiye wasu na tarihi a kulle a wurare irin su Bisley, mai su ya je can ya harba ya bar su a can. Webley ta dace da saiti daidai gwargwado in an ɗana ta da hannu, amma samfuran farko don baƙin albarushi aka yi su. Sai a samfuri na biyar, na 1913, aka ƙara wa gangar kauri saboda albarushin zamani. Waɗanda aka kai Amurka aka fere su don su ɗauki harsashin can mai ƙarfi sun jawo wa masu su asara ba kaɗan ba.

Tamu ta gado

Bindiga ta riga Bature zuwa Kano da ɗaruruwan shekaru. Kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci bindigogi tare da Dagaci, basaraken Barno da ya zo zamanin Sarki Dauda a ƙarni na 15, ko da yake masana suna da ja a kan wannan. Abin da ba a ja a kai shi ne zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, an shigo da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne Sarkin da ya fara ajiye rundunar masu bindiga a matsayin dogaransa. Masu harbin da ke gaban Sarki a hawan Daushe, hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Kudu, gadon wannan runduna suke ci.

Duk da haka bindiga ba ta yi yawa ba. A 1826 Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙi da Gobirawa, ya ƙirga masu bindiga 40 da 'yan kai a cikin dubban mayaƙa. Doki da takobi da mashi da kwari da baka su ne yaƙi. Sai a ƙarshen ƙarnin abin ya sauya, kuma daga arewa sauyin ya fi matsowa. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara dubban bindigogi, har igwa ake zuba masa a Zinder. Magajinsa na baya, Ahmadu Kuran Daga, ya kawo wa Kano hari a ƙarshen shekarun 1890, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Ƙasar arewacin Kano, inda Dambatta da Makoda suke, ita ce a bakin wannan hanya. A cikin birni kuwa bindigogin fada suna hannun manyan bayin Sarki, su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, kuma basasar Tukur da Yusufawa ta 1893 zuwa 1895 ta nuna wa kowa amfaninsu. Alu da ya ci gadon sarautar, kirarinsa Mai Sango, sango kuwa mashi ne da ake ɗura wa bindiga a harbi giwa.

Me ya sa muka tsaya a kan mai ɗuri ta baki alhali duniya ta wuce? Ba rashin wayo ba ne, shiri ne. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani a duk faɗin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, a bar musu masu ƙanƙara marasa zane a cikin bututu, da albarushin kasuwa. Masana'antun Birmingham da Liège suka ci gaba da ƙera mana abin da su suka daina amfani da shi. Maƙeranmu suka karɓa, suka koyi gyara, suka koma ƙerawa da kansu. Harba-ka-ruga da ke rataye a ɗakin maharbi a yau jikar wannan yarjejeniya ce.

Dokar Najeriya ta makamai, ta 1959, wadda har yanzu ita ake aiki da ita, ta gaji wannan tsari. Ta kasa bindigogi uku. Masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, lasisinsu a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha yake. Bindigogin farauta na zamani sai da izinin Sufeto Janar. Kashi na farko kuwa, na haramtattu, wanda sai Shugaban Ƙasa ne zai iya ba da izini, a nan aka sa libarba, jere ɗaya da igwa da bindiga mai sarrafa kanta. Dokar ba ta bar ƙofa ga tsufa ba, don ta ambaci har ƙananan bindigogi masu ƙanƙara da masu hula. Ma'ana, Remington ta 1858 da ɗan Faransa zai saya a kanti ba tare da wata wahala ba, in aka same ta a hannunka a Kano ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne yake jiranka. A halin da ake ciki, da ɓarayin daji suna taɓa ƙananan hukumomin Kano da ke iyaka da Katsina irin su Tsanyawa da Shanono, ban ga mai hankalin da zai nemi a sassauta wannan ba.

A ina ma za a harba?

A ce ma doka ta yarda. Ƙaramar hukumar Makoda, mai hedikwata a Koguna, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 440 ne, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 220,000. Kusan mutum 500 ke nan a kowane murabba'in kilomita, tun shekarun baya. Wanda ya san ƙasar ya san abin da lissafin yake nufi. Gona tana jingine da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa har gindin danga, babu saura, babu dajin da za a ce na kowa ne. Tsakanin wannan ƙauye da wancan tafiyar 'yan mintoci ce, a tsakani kuma akwai yaro da awaki, da mace mai kai abinci gona, da makiyayi a burtali. Da rani ma ba a watse ba, masu noman rani suna bakin ruwan Tomas. Harsashin libarba in baki ya ɗan ɗaga sama zai iya wuce kilomita guda, kuma kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Filin harbi irin na Turai yana bukatar tudun ƙasa mai tare harsashi, da katanga, da fili a bayansa da ba kowa. Wa zai ba da gonarsa?

Wannan cunkoso shi ya sa farauta ta zama ta tafiya. Namun daji sun ƙare a kusa, maharbin ƙasar Kano sai ya jira an gama kaka ya haɗa karnuka da 'yan'uwa su shiga mota su nufi dazukan nesa, wasu har kudu. Kowa ya san abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Kano da ke hanyar komawa gida sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, gungun mutane suka kashe 16 daga cikinsu. Allah Ya jiƙansu. Babu takardar da za ta wanke waɗanda suka yi wannan aika-aika. Amma abin ya nuna matsayin da bindigar gado take a ƙasar nan: doka ta san da ita, fada tana alfahari da ita, ɗan ƙasa a wata jihar kuwa bai san bambancinta da ta ɗan fashi ba.

Abin da za a iya ɗauka

A ganina darasin waɗancan gasanni ba ya cikin libarba, yana cikin ƙa'idojin da suka kewaye ta. A filin MLAIC ba a yarda ka zuba albarushi kai tsaye daga gora zuwa bindiga ba, sai daga 'yan kwalabe da aka auna tun a gida, kowace ɗuri ɗaya, domin in akwai ragowar tartsatsi a ciki kada gorar duka ta tashi a hannunka. Tabarau na kare ido wajibi ne. Alƙalai suna duba kowace bindiga kafin ta shiga. A bayan wannan kuma akwai tsohuwar al'ada ta gwajin bututu: gidan gwaji na Birmingham tun 1813 yake ɗura wa kowane sabon bututu fiye da abin da zai ɗauka a aiki, a harba shi a ɗaki kulle, in ya tsira a buga masa hatimi. Italiya ta kafa nata a Gardone a 1910.

A wurinmu fa? Maƙeri yakan yi bututu da ƙarfen da ya samu, wani lokaci bututun famfo, wani lokaci sandar sitiyarin tsohuwar mota. Awon albarushi tafin hannu ne da ido. Ranar sallah kuma kowa so yake tasa ta fi ta ɗan'uwansa ƙara, sai a ƙara ɗuri, a danna tsumma da ƙarfi. In ta yi gardama ta ƙi tashi, wani sai ya juyo da bakin ya leƙa. Duk garin da ke da maharba ba a rasa dattijon da yatsunsa ba su cika ba, kuma ba a tambayar dalili.

Ƙasashe biyu sun nuna cewa ana iya mai da irin wannan gado wasa mai tsari ba tare da an ari na wani ba. Japan ta karɓi bindiga daga 'yan Fotugal a tsibirin Tanegashima a 1543, kuma har yau akwai ƙungiyoyin da suke saka sulken kakanninsu su harba masu lagwani a bukukuwa. MLAIC ma tana da gasa mai sunan wannan tsibiri, tana da wata, Miquelet, ta dogayen bindigogin soja masu ƙanƙara marasa zane, daga mita 50, wadda ita ce 'yar'uwar bindigar toka ta kusa.

Maroko ta fi kusa da mu. Wasansu na Taburida, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2021, shekara uku kafin ta sa hawan sallar Kano a Disamban 2024, gasa ce ta gaske, da alƙalai, da zagayen larduna, da kofin Hassan na Biyu da ake kammalawa a Rabat. Mahaya 15 zuwa 25 ne suke jeruwa ƙarƙashin shugabansu, su yi sukuwa kafaɗa da kafaɗa, a ƙarshen fili su harba tare. Babu darma a ciki, albarushi ne zalla. Abin da ake ba maki shi ne daidaiton layi, da kyan kayan doki da na mahayi, da yadda ake juya bindiga, da kuma ƙarar: in kunne ya ji ta guda ɗaya an ci, in ta rarrabu an faɗi.

Irin wannan ba ya bukatar tudun tare harsashi, ba ya bukatar izinin Shugaban Ƙasa, filin idi ko filin makarantar firamare ya ishe shi, kuma dawakin da masu harbin suna nan a tawagar kowane hakimi. Masu bindigar fada da ke tafe a ƙasa ma suna da abin aunawa: saurin ɗuri, harbi a jere ɗaya bayan ɗaya ba tare da giɓi ba, harbi tare a kan umarni guda. Abin da ya rage shi ne aikin da ba ya da armashi. Hakimi ya sa dagatai su rubuta sunan kowane mai bindiga da maƙerin da ya yi ta, a buga wa kowace lamba, a kai jerin ofishin kwamishinan 'yan sanda a karɓo lasisi a dunƙule. Sarkin maƙera ya ware rana kafin sallah da za a ɗaure kowace bindiga a jikin kututture a bayan gari, a yi mata ɗuri biyu, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan bango. Wadda ta fashe a nan an huta da ita. Wadda ta tsira a ba mai ita ma'aunin ƙarfe na ɗuri ɗaya, duk wanda aka kama ya wuce shi ranar hawa a cire tawagarsu daga gasar wannan shekara.